Ba kowace kwata ce kwata ba

Masu shirya wannan mujalla sun daɗe suna binmu bashin rubutu, kullum sai mu ce musu a bari sai wata mai zuwa. Mun san wa'azi suke sa rai za mu kawo, ko tarihin masallacin layinmu. To yau ga mu mun zo, amma da labarin wani kuskure da muka tafka, da yadda ya zaunar da mu gaban ɗan cikinmu muna koyon karatu bayan mun haura shekara hamsin. A ƙarshe kuma akwai wata cigiya da muke roƙon ku taya mu yaɗawa.

Waɗanda suka san mu sun san muna da shago a wajen Ogunpa, muna sayar da kayan aikin kafintoci: zarto, guduma, cizal, tef, samfefa, bakin diril, bakin rauta da sauransu. Mun fi shekara ashirin a wannan sana'a. Idan liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa, mu ke jan salla a masallacin layi, kuma muna ɗan biya wa matasa karatu tsakanin magariba da isha'i. Iyakarmu kenan.

Mu 'yan Sabo gadon ido muka yi. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, goro da shanu ne suka riƙe iyayenmu. Goro ƙirga shi ake yi, ƙwarya ɗari, babu gardama. Saniya kuwa ido da tafin hannu ke yi mata kuɗi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakan zagaya sa sau ɗaya, ya dafa bayansa, ya faɗi abin da zai yi, kuma da wuya ka ga ya kauce. Da wannan tinƙaho muka shiga kasuwar ƙarfe. Mu ɗauki ƙusa mu ce inci uku ce, a ɗora tef a ga haka ne. Yaran shago su yi ta mamaki, mu kuma muna jin daɗi a ciki. Ashe akwai inda ido yake tsayawa, ƙarfe kuma bai san girman gemu ba.

Wata Talata ce bara, bayan la'asar, sai ga wani dattijon kafinta Bayarabe daga Isopako, kasuwar katako ta Bodija. Cinikinmu da shi ya haura shekara goma sha biyar, bai taɓa riƙe mana ko kwabo ba. Muka gaisa yadda aka saba, ya tambayi iyali, muka tambayi aiki. Sannan ya zaro hankici daga aljihu, ya warware shi a kan teburinmu. Bakin rauta ne a ciki, kansa ya ɓalle.

Don wanda bai sani ba, rauta injin hannu ne da kafintoci ke yi wa ƙofa da gado da kabad ado da shi, shi ke fitar da gurbi da lanƙwasa a gefen katako. Bakinsa kashi biyu ne: kai mai yanka, da wutsiya mai santsi wadda ke shiga cikin injin. Akwai wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke rungume wutsiyar, kafintoci na ce masa kwalet, ana matse shi da noti. Irin wannan inji yana juyawa fiye da sau 20,000 a minti ɗaya. Duk abin da ya kuɓuce masa a wannan gudu, harsashi ne.

Da Yarabanci muke maganar. Ya ce, "Alfa, wannan a wurinka yarona ya saya?"

Muka juya shi, muka ce, "Namu ne, Baba."

Ya ce, "Kwata ce?"

Muka ce, "Kwata ce mana."

A bakin 'yan kasuwa, duk bakin rauta mai siririyar wutsiya kwata muke ce masa, wato rubu'in inci, mai kauri kuma mu ce rabi. Haka muka taras ana faɗa, haka muke faɗa.

Sai ya ba mu labari. Ƙofar iroko suke yi wa wani mai gida, saura ado kawai a gama. Shi da hannunsa ya sa bakin, ya ɗaure noti. Yaronsa ya kama aiki. Ana cikin tafiya sai bakin ya rinƙa sulalowa daga injin ba wanda ya lura, ya nutse cikin katakon ya yi rami, ya cije, ya karye. Guntun ya tashi ya sami yaron a saman gira. Sai da aka yi masa ɗinki. Dattijon ya ɗora yatsa a kan girarsa, ya ɗan saukar da shi ƙasa kaɗan, ya ce, "Da nan ya samu, da ba wannan maganar muke yi ba."

Mu faɗi gaskiya, abin da ya fara fitowa daga bakinmu kare kai ne. Muka ce wataƙila notin ne bai ɗauru ba. Ya ce shekararsa arba'in yana ɗaure noti. Muka jawo tef muka ɗora a kan wutsiyar, muka ce, "Ga shi nan, shida da 'yan kai, ai kwata kenan." Ya ce mai gyara masa inji ya auna, ya ce shida ce cif, ba 'yan kai. Muka ce to mene ne bambancin? Ya yi shiru yana kallonmu. Can ya ce, "Alfa, ban ce ka cuce ni ba. Da na ɗauke ka macuci, da ba nan na fara zuwa ba. Abu ɗaya nake tambaya: kana auna abin da kake sayarwa?" Ya ɗaga hannu ya nuna bango a bayan kanmu.

Abin da ya nuna, ma'aunin nan ne mai baki kamar sifana, wanda masu aikin ƙarfe ke kira baniya kalifa. Ranar da muka fara jin sunan har dariya muka yi, muka ce wane halifa kuma a cikin kayan ƙarfe? Guda uku ne rataye a cikin kwalinsu. Mun shekara goma muna sayar da su. Mun san kuɗin sari, mun san riba, mun san wanda ya fi ƙarko. Amma wallahi ko sau ɗaya ba mu taɓa zaro ɗaya mun karanta abin da ke jikinsa ba, don ba mu iya ba, kuma ba mu taɓa gaya wa kowa ba mu iya ba.

Daren nan mu muka ja isha'i, amma Allah Ya yafe mana, rabin hankalinmu na kan girar yaron nan. Sau nawa muka zauna a wannan masallaci muna jan kunnen masu awo a kan mudu mai lotsattsen gindi da kongo da aka yanke wa baki? Sau nawa muka fassara Suratul Muɗaffifina, muka ba da labarin mutanen Annabi Shu'aibu da abin da tauye ma'auni ya jawo musu? Muka ce wa ranmu, ai mu ba da gangan muka yi ba. Haka ne. Amma tun muna Islamiyya muka karanta a babin ciniki na Risala cewa ba a ɓoye aibin kaya, kuma ba a cakuɗa iri biyu a sayar da sunan ɗaya. Mu kuwa da hannunmu muka juye kwali biyu na bakin rauta, waɗanda muka saro daga Ikko a lokuta daban-daban, cikin tire ɗaya, don a idonmu duk abu ɗaya ne. An ce rashin sani ya fi dare duhu. To yaya hukuncin wanda ke zaune cikin duhu alhali fitila na rataye a bayan kansa, har ma sayar da ita yake yi?

Akwai ɗan ƙaninmu da ya yi makarantar koyon sana'a ta gwamnati, yanzu yana aiki a wurin masu gyaran ƙarfe a wajen Gate. Yana cikin masu ɗaukar karatu a wurinmu, kuma ba ƙaramin faɗa yake sha ba a kan gunna da madda. Sai da muka kwana biyu muna juya abin a rai kafin muka iya buɗe baki. Ran Alhamis bayan isha'i muka ce ya biyo mu gida. Muka rufe ƙofar ɗakin baƙi, muka ajiye baniya da tiren nan a kan tabarma.

Muka ce, "Koya mana karatun wannan za ka yi."

Ya ce, "Baffa, da gaske kuke?"

Muka ce, "Kai dai zauna. Kuma in muka ji zancen nan a bakin shayi, mun san inda ya fito."

Ga shi yau mu da kanmu muke bugawa a mujalla.

Ya fara nuna mana sassansa. Jiki biyu ne. Akwai dogo mai kama da rula, wanda ke ɗauke da babban ma'auni, namu ya kai milimita 150. Akwai kuma ƙarami da ke zamewa a kansa, ɗauke da nasa 'yan layuka. Manyan muƙamuƙai na ƙasa su ke auna kaurin abu daga waje. Ƙananan na sama ana zura su cikin rami a buɗe, su auna faɗinsa. Idan ka buɗe shi, wani siririn tsinke yana fitowa ta wutsiya, shi ke auna zurfi. A sama kuma akwai ɗan noti da ake murɗawa a kulle awo don kada ya motsa. A irin namu, layin ƙasa milimita ne, na sama inci. Ya ce mu manta da na sama tukuna.

Ya ce kafin komai a goge muƙamuƙan, a rufe su ruf, a duba. Sifirin ƙaramin ma'auni dole ya tsaya kai da kai da sifirin babba. In ba su haɗu ba, ko datti ne a tsakani, ko ma'aunin ya taɓa faɗuwa ya bugu, kuma duk abin da ka auna da shi ƙarya zai ba ka. Muka ce ashe shi ma ma'auni sai an fara tantance adalcinsa kafin a karɓi shaidarsa. Ya yi dariya ya ce haka ne.

Karatun kansa mataki biyu ne. Na farko, ka dubi inda sifirin ƙaramin ma'auni ya tsaya, ka karanta layin ƙarshe na babban ma'auni da ya wuce. Wannan shi ne cikakkun milimita. Na biyu, ka bi layukan ƙaramin ɗaya bayan ɗaya har ka sami guda ɗaya da ya miƙe sak da wani layi na babban, kamar layi ɗaya aka ja. Lambar da ke kan wannan layi ita ce ɗigon da za ka ƙara. In sifiri ya wuce 12 bai kai 13 ba, kuma layi na 7 ne ya daidaita, to awonka 12.7.

A baki abu ne mai sauƙi. A hannu kuwa, daren farko ba mu ci ko ɗaya ba. Kuskurenmu na farko, maimakon mu dubi layin sifiri, sai mu dubi gefen ƙarfen da ke zamewa, awo ya ragu da wasu milimita. Ya gyara mana, muka sake, ya sake gyarawa. Na biyu, mukan danne muƙamuƙan da ƙarfi kamar masu matse goro a huhu. Ya ce, "Baffa, taɓawa kawai ake so, ba shaƙewa ba." Kuma a sa abin can ciki inda muƙamuƙan suke da faɗi, a miƙe, kada a karkace. Na uku, mukan duba daga gefe, sai layin da bai daidaita ba ya yi kamar ya daidaita. Dole ido ya sauka a kansa kai tsaye.

Na huɗu shi ya fi ciwo. Duk yadda muka matso da tocila, layukan sai su rinƙa haɗewa. Yaron ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Baffa, ko za ku gwada tabarau?" Mu da muke taƙama da ido! Washegari muka je aka duba mu, aka ba mu na karatu. Abin mamaki, da muka buɗe Alƙur'aninmu da daddare sai muka ga wasulla sun fito tar. Ashe mun daɗe muna karatu da hadda, muna zaton da ido muke yi.

A dare na biyu muka ce ba za mu ci gaba ba sai ya gaya mana dalili. Mu ɗaliban Islamiyya ne, ba ma son hukunci ba hujja. Me ya sa layi ɗaya tak yake daidaita? Ya ɗauki takarda ya zana. Ya ce a ɗauka ƙaramin ma'auni gida 10 ne, amma an matse su cikin tsawon milimita 9. Kenan kowane gida ya gaza milimita ɗaya da kashi ɗaya cikin goma. Idan baki na rufe, layi na 1 yana bayan abokinsa na babban ma'auni da kashi ɗaya, na 2 da kashi biyu, na 7 da kashi bakwai. To in ka buɗe bakin da kashi bakwai cikin goma na milimita, wane layi ne zai cim ma abokinsa? Muka ce na bakwai. Ya ce shi kenan, kun gama. Namu ya ɗan fi haka zurfi, gida 20 ne a cikin milimita 39, don haka tsakanin kowace lamba da ta gaba akwai ɗan layi na rabi, yana karanta har 0.05. Akwai ma mai gida 50 da ke kai wa 0.02. Ya ce wani Bafaranshe mai suna Pierre Vernier ne ya bayyana wannan dabara a 1631, sunansa ne ya bi ma'aunin har bakinmu ya mai da shi baniya. Muka ce kusan shekara ɗari huɗu kenan abin na duniya, mu sai yanzu labari ya iso mu.

Duk da haka gano layin na ba mu wuya, don sau da yawa sai mu ga kamar uku ne suka daidaita. Sai ya ce, "Baffa, ai kamar duba sahu ne. Ku dubi na hagunsa da na damansa. Za ku ga ɗaya ya ɗan gota ta nan, ɗaya ya ɗan gota ta can. Na tsakiyarsu shi ne a kan layi." Wallahi daga wannan magana abin ya buɗe. Mutumin da ya shekara ashirin yana juyowa yana cewa a daidaita sahu, ai ya san ƙafar da ta fita.

A dare na uku muka jawo tiren. Muka ɗauki baki na farko muka sa. Sifiri ya wuce 6, ɗan layin da ke tsakanin 3 da 4 ya miƙe: 6.35. Muka ɗauki na biyu. Sifiri ya tsaya cak a kan 6, ba ƙari: 6.00. Muka jera su a tafin hannu, muka sa tabarau, muka haska tocila. Ko rantsuwa aka ba mu ba za mu iya cewa ga babba ga ƙarami ba. Bambancin 0.35 ne, kaurin fallen takarda uku zuwa huɗu. Wannan ne ya kusa cire wa ɗan mutane ido. Muka daɗe ba mu ce komai ba, shi ma yaron ya yi shiru.

Ga yadda abin yake, don 'yan uwa masu sayarwa da masu saye su gane. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kenan kwata ta gaskiya 6.35 ce, rabin inci kuma 12.7. Injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka da Ingila galibi da inci suke tafiya, kwata da rabi. Na sauran ƙasashen Turai kuwa milimita ne, 6 da 8 da 12. Mu nan duka biyun suna shigo mana, sabo da tokumbo, baki kuma masana'antun Sin suna buga kowane iri. Ƙasarmu ta koma awon mita tun shekarun 1970, amma bakin kasuwa bai koma ba, har gobe inci muke kira. Sai sunan kwata ya haɗiye abu biyu.

Kuma ku lura da wannan. Idan ka kai wutsiya mai 6.35 wa kwalet mai 6, ba za ta shiga ba. Nan take za a gane, a dawo maka da kayanka, a yi 'yar ƙara a wuce, sai dai in wani yaro mai taurin kai ya sa guduma ya fasa kwalet. Amma wutsiya mai 6 a cikin kwalet na kwata, sulub take shiga. Ka ɗaure noti ka ji kamar ya kama. Sai inji ya ɗau gudu, katako ya fara ja, sannan ta fara zamewa. Kuskuren da ya shiga ba gardama shi ne mai haɗarin. Kuma don Allah a daina naɗa wa wutsiya takarda ko salatif wai don ta cika. A nemi kwalet ɗin da ya dace, kuɗinsa bai kai na ɗinki ba.

Ran Asabar ba mu buɗe shago don ciniki ba. Muka zauna da yaranmu biyu muka auna bakin rauta kaf, ɗaya bayan ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muke kira kwata, shida ne. A cikin masu kauri ma muka sami 12 a cakuɗe da 12.7. Muka raba su gwangwani daban-daban, muka ɗiga wa na milimita jan fenti a gindi. Sannan muka tafi Isopako. Muka biya kuɗin ƙofa da na asibiti. Dattijon ya so ya ƙi karɓar na asibiti, muka ce in bai karɓa ba barci ba zai yiwu mana ba. Muka nemi yaron muka ba shi haƙuri baki da baki. Ya rasa inda zai sa kansa, yana ta rusunawa yana cewa ba komai, alhali ga filasta a goshinsa.

Daga nan muka buɗe littafin bashi da lambobin waya, muka bi duk wanda muka tuna ya sayi irin wannan kaya. Har wani abokin cinikinmu da ke kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, wanda muka aika wa kwali guda, muka kira shi muka ce ya dakata da sayarwa sai ya auna. Ya ce da me zai auna? Muka sa baniya ɗaya a mota muka aika masa.

Maƙwabcinmu a kasuwa, mutumin kirki ne, tare muka taso a layi ɗaya, ya zo ya same mu. Ya ce, "Liman, kai ma da neman magana. Wa ya aike ka? Kasuwa ce fa, kowa ya buɗe idonsa. Yanzu ka sa kowane kafinta zai zo yana mana tambayar milimita. In haka ne sai mu rinƙa auna kowace ƙusa?" Ba mu ce maganarsa ba ta da kai gaba ɗaya ba. Ba wanda zai auna kowace ƙusa, kuma ƙusa in ta gaza kaɗan ba ta kashe kowa. Amma muka ce masa, Alhaji, wane ido mai saye zai buɗe a kan abin da ido ba ya gani? Shi ya zo ne ya ce a ba shi kwata, ya dogara da bakinmu. In mu da muke da kayan ba mu san abin da ke hannunmu ba, wa zai sani? Ya ce to Allah Ya kyauta, ya tafi. Bayan sati biyu sai ga yaron shagonsa ya zo aron baniya.

Tun daga lokacin kullum tana aljihun gaban rigarmu, kuma ta nuna mana abubuwa da yawa. Falawud da ake kira tiri-kwata, in da gaske ne ya kamata ya kai 19.05, amma mafi yawa 18 ne, wani ma bai kai ba, shi ya sa kafinta zai yanka gurbi ya ga allo na rawa a ciki. Faifan zarton inji, ramin tsakiyarsa akwai mai 20, akwai 25.4, akwai 30, da ƙananan muƙamuƙan sama ake tantancewa kafin mutum ya biya kuɗin mota ya dawo canji. Bakin diril da lambarsa ta goge, cikin daƙiƙa kaɗan ka san ko nawa ne. Cizal da aka rubuta wa rabin inci, wani 12 ne, wani 12.7, kuma mai huda gurbin ƙafar kujera ya san wannan ba wasa ba ne. Zurfin gurbin kuma, tsinken wutsiya ke faɗa.

Ɗan namu yana da irin na zamani mai nuna lamba a gilashi, ya ce mu sayi irinsa mu huta. Yana da kyau, ba mu kushe shi ba. Amma ranar da batirinsa ya mutu a tsakiyar aiki, namu ya zo ya ara. In za ku saya, kowanne kuka samu, ku riƙe shi da mutunci: a goge bayan aiki, a mayar cikin kwalinsa, kada a jefa shi cikin akwatin sifanu, kada a ja layi a kan ƙarfe da bakinsa, kada kuma a kusanci abin da ke juyawa da shi.

Dattijon Isopako ya dawo bayan wata guda. Wannan karon da kwalet ɗinsa ya zo a aljihu. Muka zaro baki daga gwangwani, muka auna a gabansa, muka juya masa ya gani. Ya ce shi idonsa ya daina ganin waɗannan layuka, amma tunda Alfa ya gani, ya isa. Wannan magana ta fi mana nauyi a kan tambayarsa ta ranar farko. Yaron nasa shi ake aikowa sayayya yanzu. Tabon na nan a saman girarsa, duk zuwan da zai yi sai mun kalle shi.

Ga cigiyar da muka ce. Akwai wani matashin kafinta da ya zo shagonmu da daminar bara, ba mu san shi ba, ba mu karɓi lambarsa ba. Ya sayi bakin rauta masu siririyar wutsiya guda biyar daga wancan tire, ya ce aiki ya samu a hanyar Oyo. Shi kaɗai ne muka kasa ganowa a cikin waɗanda muka tuna, kuma Allah kaɗai Ya san waɗanda muka manta. Don haka duk wanda ya san kafinta, Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, da ya taɓa sayen irin wannan kaya a hannunmu kafin ƙarshen bara, ya gaya masa ya kawo a auna. In bai dace da injinsa ba za mu canza masa, ko ya yi aiki da shi, ba ko sisi.

Matasanmu kuma, da 'yan uwa 'yan kasuwa masu sayar da noti, bodi, fayif ko kayan gyaran mota, duk mai son koyon karatun baniya ya same mu ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar masallacin layi. Mu da malaminmu za mu zauna, don har yanzu yakan kama mu da kuskure. Dattawa kada su ji nauyi, gemu ba ya hana ilimi, kuma wanda ya ga layuka na haɗe masa, akwai tabarau na aro. Shi malamin namu har yau bai gyara maddarsa ba, amma mun lura faɗan da muke yi masa ya ragu.

Allah Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya tsare hannuwa da idanun masu neman halal, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalamu alaikum.